Gansakukar Teku da Ciwon Dajin Hanji: Daga Farantin Gwaji zuwa Gadon Asibiti

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale daga Yawuri ya nufi Wara, ko ya tsaya a bakin ruwa a ƙasar Ngaski lokacin da ruwa ya fara ja da baya, ya san irin tsirran da Tafkin Kainji yake fitarwa. Akwai burugu da makiyaya ke yanka wa shanu da rani, akwai bado, akwai kainuwa wadda Bahaushe ya yi wa kirari da dashen Allah, sa'annan akwai gansakuka mai santsi da take maƙalewa a jikin duwatsu da gindin jiragen ruwa. Tun daga shekarar 1968 da aka kammala ginin madatsar Kainji, ruwa ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,270, aka tashi mutane fiye da 40,000 daga tsibirai da garuruwan bakin kogi, waɗannan tsirrai suka zama abokan zaman Gungawa da Sarkawa da Kambari da Hausawan yankin.

Saboda haka idan mutumin wannan yanki ya ji a rediyo, ko ya gani a wayarsa, cewa masana sun gano wata "ciyawar ruwa" mai kashe ciwon dajin hanji, ba abin mamaki ba ne idan hankalinsa ya tafi ga abin da yake gani kullum a bakin tafki. A nan ne fassara take iya yin ɓarna. Labarin yana da tushe, domin da gaske ana gudanar da irin wannan bincike a jami'o'in duniya. Amma tsiron da ake magana a kansa ba ya fita a Kainji, kuma abin da aka kashe da shi ƙwayoyi ne da aka rena a cikin faranti a ɗakin gwaje-gwaje. Wannan darasi zai yi bayanin yadda binciken yake, da inda ya kai, da kuma abin da ya rage kafin a kira sakamakonsa magani.

Gansakukar Tafki da ta Teku

Kainuwa da bado da burugu tsirrai ne cikakku, masu saiwa da ganye da fure. Haka ma baƙuwar kainuwar nan mai shunayyen fure, wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, ta kuma biyo Kogin Kwara ta shigo Tafkin Kainji a ƙarshen shekarun 1980. Ta toshe hanyoyin jirage, ta lalata komar masunta, har ta kai ga aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus na bunƙasa kamun kifi a tafkin ya gitta shinge a kogi wajen Zamare don tare ta. Ita kuwa gansakuka halitta ce ta daban. Ba ta da saiwa ta gaskiya, ba ta fure, ba ta yin iri. Da dukkan jikinta take shan abinci daga ruwan da take ciki.

Wadda ake kira gansakukar teku, ko ciyawar teku a bakin wasu masu fassara, 'yar wannan dangi ce, sai dai a ruwan gishiri take rayuwa, kuma wani jinsinta yakan yi tsawon da ya wuce mita 30. Masana sun kasa ta gida uku bisa ga launi: mai ruwan ƙasa, da ja, da koriya. Ana noma fiye da tan miliyan 30 nata a kowace shekara, akasari a Sin da Indunisiya da Koriya da Filifin da Japan. A nahiyar Afirka matan Zanzibar sun fara nomanta don sayarwa a shekarar 1989. A gaɓar tekun Nijeriya kuwa, tun daga shekarar 2011 igiyar ruwa takan watso wata mai ruwan ƙasa a bakin tekun jihohi irin su Legas da Ondo, har ta dami masunta kamar yadda baƙuwar kainuwa ta dami na Yawuri.

Ko da yake tsiron baƙo ne ga Bahaushe, abin da aka tato daga gare shi ya daɗe da shiga gidansa. Sinadarin ayodin da ake sa wa gishiri don kare mutane daga maƙoƙo, a cikin tokar gansakukar teku wani Bafaranshe mai suna Bernard Courtois ya fara gano shi a shekarar 1811. Farin magin nan na Ajinomoto, a cikin romon wata gansakuka mai ruwan ƙasa Farfesa Kikunae Ikeda na Jami'ar Tokyo ya gano sinadarinsa a 1908, duk da cewa yanzu daga rake da rogo da makamantansu ake sarrafa shi. Waɗannan misalai biyu suna nuna abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe tun daga farko, wato tsiro daban, sinadarin da aka ware daga cikinsa aka tace aka auna shi ma daban.

Yadda Dajin Hanji Yake Farawa

Babban hanji shi ne ɓangaren ƙarshe na hanyar abinci, tsawonsa kimanin mita ɗaya da rabi. Aikinsa tsotse ruwa daga saurar abinci da tara bayan gida kafin a fitar. Cikinsa lulluɓe yake da wani tattausan bango wanda aka gina da ƙwayoyin halitta, wato 'yan mitsi-mitsin tubalan da aka gina jikin duk wani mai rai da su, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Ƙwayoyin wannan bango ba sa daɗewa. Cikin ƙasa da mako guda tsofaffi suke mutuwa su zube, sababbi su maye gurbinsu.

Wannan mutuwa ba haɗari ba ce. Kowace ƙwaya tana ɗauke da wani kundin umarni da ta gada, wanda yake gaya mata lokacin da za ta rabu biyu ta hayayyafa, da lokacin da za ta tsaya, da lokacin da za ta kashe kanta idan ta tsufa ko ta lalace. Wannan mataki na ƙarshe shi ne za a kira a nan da sunan mutuwar ƙa'ida. Idan kuskure ya shiga kundin umarnin, ƙwaya takan ƙi mutuwa, ta ci gaba da hayayyafa. Da farko sai ta zama ɗan tsiro a bangon hanji, mai kama da kan nono, wanda ba ya ciwo kuma ba ya hana komai. Yawancin irin waɗannan tsirrai ba sa zama daji. Amma wasu, idan kurakurai suka ci gaba da taruwa a cikinsu, bayan shekara 10 ko fiye sukan rikiɗe su huda bangon hanji, su bi jini su kai hanta ko huhu.

Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda take ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta nuna cewa a shekarar 2022 mutane kimanin miliyan 1.9 ne suka kamu da dajin babban hanji da dubura, sama da 900,000 kuma suka rasu. Shi ne na uku wajen yawa a cikin ire-iren daji, na biyu kuma wajen kisa. Shi ne ciwon da shahararren ɗan ƙwallon Barazil, Pele, ya yi fama da shi har rasuwarsa a watan Disamba na 2022. An daɗe ana ɗaukarsa ciwon Turawa. A shekarar 1971 likitan nan ɗan Ailan, Denis Burkitt, wanda ya yi aiki shekaru masu yawa a Yuganda, ya danganta ƙarancinsa a tsakanin 'yan Afirka da yawan dusa da ganye da ke cikin abincinsu. Yau ciwon yana ƙara bayyana a asibitocin Nijeriya, kuma binciken da likitocin Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife suka yi tare da wata babbar cibiyar daji ta birnin New York ya nuna cewa majinyatan Nijeriya sukan kamu da shi da ƙarancin shekaru fiye da na Amurka, kuma akasari sukan iso asibiti bayan ya yi nisa.

Sinadaran da Aka Samo

Me ya sa masana suka waiwayi teku? Dalili shi ne, halittar da take maƙale wuri guda, ba ta gudu, ba ta da ƙaya ko farce, da sinadarai take kare kanta daga masu cinta da ƙwayoyin cuta da zafin rana. Irin waɗannan sinadarai sukan taɓa yadda ƙwayoyin halitta suke rabuwa, kuma a nan ne mai neman maganin daji yake sa ido.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne fukoidan. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Harald Kylin, shi ya fara ware shi a shekarar 1913 daga yauƙin da yake lulluɓe gansakuka mai ruwan ƙasa. Wanda ya san yauƙin kuɓewa ko na lalo zai iya kwatanta shi a ransa. Doguwar sarƙa ce ta wani nau'in sukari wanda jiki ba ya narkarwa, ɗauke da ɓurɓushin sinadarin farar wuta. Gwaje-gwaje masu yawa, musamman a Japan da Koriya da Taiwan, sun nuna cewa idan aka zuba shi a kan ƙwayoyin dajin hanji a cikin faranti, yakan rage saurin rabuwarsu, ya tura wasunsu ga mutuwar ƙa'ida. A jikin ɓeraye kuma an ga yana rage tsirowar sababbin hanyoyin jinin da ƙari yake janyowa don ya ci abinci, yana kuma zaburar da wasu sojojin garkuwar jiki.

Na biyu shi ne fukozantin, wato launin da ya ba wannan gansakuka kalarta, ɗan uwan launin da ke cikin karas da manja. A shekarar 2004 Masashi Hosokawa da abokan aikinsa na Jami'ar Hokkaido a Japan suka ba da rahoton cewa wannan launi ya jawo mutuwar ƙa'ida a cikin ƙwayoyin dajin hanjin ɗan Adam iri uku, kuma ya rage wani furotin da ƙwayar daji take amfani da shi wajen kauce wa mutuwa. Akwai wasu sinadaran kuma masu bauri, dangin wanda ke cikin bagaruwa da ganyen shayi, waɗanda su ma aka gwada aka ga irin wannan tasiri.

Ya dace a tsaya a kan waɗannan ƙwayoyi da ake ta gwaji a kansu, domin a nan ne mai sauraron labari ya fi ruɗewa. Ba daga majinyatan yau ake ɗebo su ba. Mafi shahara a cikinsu, wadda ake kira HT-29, an ciro ta ne a shekarar 1964 daga ƙarin hanjin wata mata mai shekara 44, masani Jorgen Fogh ya rena ta a jihar New York. Wata kuma mai suna Caco-2 daga wani dattijo mai shekara 72 aka samo ta a shekarun 1970. Tun daga lokacin ake ciyar da su da ruwan abinci na musamman, suna rabuwa, ana rarraba su ga ɗakunan gwaji a duk faɗin duniya. Amfaninsu babba ne, domin mai bincike a Zariya da mai bincike a Tokyo za su iya gwada abu ɗaya a kan ƙwaya iri ɗaya su kwatanta sakamako. Yadda ake yi shi ne a zuba ƙwayoyin a cikin 'yan ramukan faranti, a ɗiga musu sinadarin da ake gwadawa a ma'auni daban-daban, a jira kwana ɗaya zuwa uku, sa'annan a ƙirga waɗanda suka rage da rai. Idan ɗan kaɗan ya isa ya kashe rabinsu, sai a ce sinadarin yana da ƙarfi.

Tazarar da ke Tsakanin Faranti da Majinyaci

Ƙwayar da ke cikin faranti ba ta da hanta, ba ta da ƙoda, ba ta da jini mai kwashe magani ya tsarma shi. Tana kwance ne a fili, sinadarin yana zuba a kanta kai-tsaye. A irin wannan hali abubuwa da yawa suna kashe ta, har da gishiri idan ya yi yawa, da ruwan zafi, da sabulu. Tambayar da take da nauyi ita ce ko sinadarin zai kashe ƙwayar daji ya bar lafiyayya, kuma ko zai iya kaiwa inda ƙarin yake a cikin jiki da ƙarfin da ya nuna a faranti.

Fukoidan yana da matsala a nan. Sarƙarsa tana da girma ƙwarai, saboda haka ɗan kaɗan ne yake ratsa bangon hanji ya shiga jini idan an sha shi. Wasu masana suna ganin wannan ba aibi ba ne ga dajin hanji musamman, tun da abin da bai narke ba a babban hanji yake tarewa, ya haɗu da bangon da ciwon yake. Hujja ce mai ma'ana, amma ba ta taimaki wanda dajinsa ya riga ya kai hanta ba. Fukozantin kuwa, da zarar ya shiga ciki sai hanji da hanta su juya shi ya koma wasu sinadarai, ta yadda abin da yake yawo a jini ba shi ne ainihin wanda aka ɗiga a faranti ba. Bugu da ƙari, fukoidan ba abu ɗaya ba ne. Tsawon sarƙarsa da yawan farar wutar da ke jikinsa sukan bambanta daga jinsi zuwa jinsi, daga damina zuwa rani, har ma da hanyar da aka bi wajen tatsarsa. Wannan ya sa da wuya a haɗa sakamakon bincike biyu a ce magana ɗaya suke yi.

Akwai kuma batun ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a hanjin kowane mutum, waɗanda suke narkar da abin da jiki ya kasa. A shekarar 2010 wasu masu bincike a Faransa suka gano cewa bakteriyar hanjin wasu Japanawa ta ari dabarar narkar da jar gansakuka daga bakteriyar teku, abin da ba su samu ba a hanjin mutanen Arewacin Amurka da aka kwatanta da su. Ke nan cikin da ya saba da tuwon dawa da miyar kuka ba lalle ne ya karɓi wannan abinci yadda cikin Bajapane yake karɓarsa ba. Wanda kuma yake zaton cin gansakukar teku kaɗai kariya ce, sai ya dubi Japan ɗin kanta, inda ake cin ta kusan kullum, amma dajin hanji yana sahun gaba a cikin ire-iren dajin da ake samu a ƙasar.

An gwada fukoidan a jikin mutane, sai dai gwaje-gwajen ƙanana ne. A shekarar 2011 likitocin Jami'ar Tottori a Japan suka ba da rahoto a kan majinyata 20 masu dajin hanji da ya yi nisa. Dukkansu suna karɓar magungunan daji na asibiti, rabinsu kuma aka ƙara musu fukoidan kimanin giram 4 a kullum. Waɗanda aka ƙara wa sun fi samun sauƙin kasala, sun kuma fi jure wa maganin asibiti na tsawon lokaci, amma bambancin tsawon rayuwa bai kai matsayin da lissafi zai tabbatar da shi ba. A shekarar 2017 Jami'ar Likitanci ta Kaohsiung a Taiwan ta yi gwaji mafi tsari a kan majinyata 54. An raba su ta hanyar ƙuri'a, ba likita ba majinyaci da ya san wanda yake shan fukoidan da wanda yake shan garin da ba magani a cikinsa. A rukunin fukoidan, ciwon ya tsaya ko ya ragu a jikin mutum 26 cikin 28, a ɗaya rukunin kuwa 18 cikin 26. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, amma a nan ma ba a tabbatar da ƙarin tsawon rai ba. Abin lura shi ne, a duka gwaje-gwajen biyu ba a cire wa kowa maganin asibiti ba. Ƙari aka yi a kansa. Har yau babu wata babbar hukumar kula da magunguna da ta amince da fukoidan ko fukozantin a matsayin maganin daji. A matsayin ƙarin abinci ake sayar da su, kuma ba a tilasta wa mai sayar da ƙarin abinci ya kawo irin hujjar da ake nema daga mai sayar da magani.

Kada wannan ya sa a ɗauka cewa neman magani a cikin tsirrai da halittun ruwa aikin banza ne. Irinotikan, ɗaya daga cikin manyan magungunan dajin hanji da ake amfani da su a yau, daga wata itaciya ta ƙasar Sin asalinsa yake. Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana sinadarin itaciyar a 1966, amma gubarsa ta yi yawa, sai da aka yi ta gyara shi kafin Japan ta amince da maganin a 1994, Amurka kuma a 1996. Daga teku ma an samu. Sitarabin, maganin dajin jini da aka amince da shi a 1969, daga binciken wani soson teku na yankin Karebiyan ya samo asali, haka ma wani maganin dajin mama da aka amince da shi a 2010 an kwaikwayo shi ne daga sinadarin wani soson tekun Japan. Sai dai waɗanda suka faɗi a hanya sun fi yawa nesa ba kusa ba. Tsakanin 1960 da farkon shekarun 1980 Cibiyar Daji ta Ƙasar Amurka ta gwada dubban ire-iren tsirrai, abin da ya zama magani a cikinsu bai wuce a ƙirga da yatsu ba. A shekarar 1992 an samo wani sinadari mai suna halomon daga wata jar gansakuka ta Filifin, ya nuna ƙarfi a kan ƙwayoyin daji har da na hanji, amma da aka koma ɗebo tsiron sai aka tarar ba kullum yake ɗauke da sinadarin ba, aikin ya tsaya. Ko a cikin magungunan dajin da suka kai matakin gwaji a jikin mutum, waɗanda ake amincewa da su a ƙarshe ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Daɗin daɗawa, kasancewar abu daga tsiro ba ta wanke shi daga illa. Wasu gansakukan teku suna da ayodin mai yawan da zai iya dagula aikin maƙogwaro. Wata mai suna hijiki tana tara gubar asanik, har hukumar kula da abinci ta Ingila ta gargaɗi jama'a su daina cinta a shekarar 2004. Fukoidan kansa yana iya rage daskarewar jini, abin da yake da haɗari ga mai zubar jini ta hanji ko wanda za a yi wa tiyata.

Abin da Ya Shafi Mutanen Bakin Tafki

Cin gansakukar ruwan daɗi ba baƙon abu ba ne a wannan sashe na Afirka. A gefen Tafkin Cadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wata koriyar gansakuka daga tafkunan kanwa, su shanya ta a kan yashi ta zama waina, su yi miya da ita. Suna kiranta dihe, duniya kuma ta san ta da sunan sifirulina, ana sayar da ita saboda yawan furotin da ke cikinta. Amma dihe a ruwan kanwa mai ƙarfi take fita, inda sauran halittu ba su cika rayuwa ba. Koren kumfan da yakan taso a ruwan tafki mai tsayawa lokacin zafi abu ne daban, kuma wasu ire-irensa suna fitar da guba mai lalata hanta. A garin Caruaru na ƙasar Barazil, a shekarar 1996, fiye da mutum 50 masu wankin ƙoda suka rasu saboda irin wannan guba da ta shiga ruwan da aka yi musu aiki da shi. Kainuwa ta gida da baƙuwa kuma dukkansu sun shahara da tsotse ƙarafa masu guba daga ruwa, har ana amfani da su wajen tace ruwan masana'antu. Babu fukoidan a cikin kowaccensu, kuma wanda ya tafasa su ya sha da niyyar maganin daji ya ɗauki kasada ba tare da wata riba da aka sani ba.

Tsirran tafki suna da wata alaƙa da hanji wadda ta fi wannan kusa. A ƙarƙashinsu ne ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da tsutsar tsargiya suke fakewa. Tsargiya iri biyu ce. Wadda aka fi sani ita ce mai sa fitsarin jini, kuma an tabbatar cewa idan ta daɗe ba magani tana iya jawo dajin mafitsara. Ɗayar kuwa hanji da hanta take kamawa, ta sa ciwon ciki da jini a bayan gida. Saboda haka masunci ko manomin shinkafa a Ngaski ko Shanga da ya ga jini a bayan gidansa yana da bayani guda uku a shirye: basir, ko atini, ko tsargiya. Sau da yawa ɗaya daga cikinsu ne kuwa. Matsalar ita ce dajin hanji ma da wannan alama yake zuwa, kuma kalmar basir a bakin Bahaushe ta zama babbar jaka wadda ake zuba kusan duk wani ciwon dubura a ciki. Mutum yakan shafe shekara yana shan jiƙo da sassaƙen basir daga kasuwa zuwa kasuwa, kunya kuma ta hana shi faɗa wa likita, alhali a wannan lokaci ne ƙarin yake ratsa bango.

Lokacin yana da tsada. A ƙididdigar Amurka, kimanin mutum 9 cikin 10 da aka gano dajinsu tun yana cikin hanji bai bazu ba suna nan da rai bayan shekara 5, amma idan ya kai gaɓoɓin nesa adadin bai kai 2 cikin 10 ba. Alamomin da likitoci suke so a kawo musu da wuri su ne jini ko majina a bayan gida da ya ƙi tsayawa, da sauyin yanayin bayan gida na makwanni, ko gudawa ko taurin ciki, da jin kamar ba a gama ba bayan an gama, da rama ba dalili, da ƙarancin jini. Wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa na jini ya yi ciwon ya fi kusa da haɗari. Haka ma shan taba da barasa da ƙiba da yawan cin naman da aka sarrafa don ajiya suna ƙara shi, yayin da wake da gero da dawa da ba a surfe su tas ba, da ganye irin su zogale da rama, suke rage shi.

Binciken farko ba mai wahala ba ne. Likita yakan duba dubura da yatsa, ya sa a gwada bayan gida don neman ƙwan tsutsa da ɓoyayyen jini. Idan tsargiya ce, ƙwayar farazikwantel tana maganinta. Idan kuwa akwai shakka, sai a tura majinyaci babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, a leƙa hanjin da wani siririn bututu mai kyamara a bakinsa. Idan an tarar da ɗan tsiron nan da bai riga ya rikiɗe ba, da wannan bututun ake tsinke shi nan take, kuma akasari majinyacin a ranar yake komawa gida.